Sharhi kan kamfanin da ke yi mana sabis ɗin kwamfresa a Sakkwato

Injin casar shinkafa muke da shi a hanyar Kalambaina, kuma na'urar da ke tsince baƙin ƙwaya daga shinkafa da iska take aiki. Idan kwamfresa, wato injin da ke tura mata iskar, ta tsaya, aiki ya tsaya. Shi ya sa muka ƙulla yarjejeniyar shekara da wani kamfani da ke kula da irin waɗannan injuna.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba sa lissafi da kalanda, mitar awoyi da ke jikin injin suke bi. Littafin da ya zo da kwamfresar ya ce a canza mai da filtar mai bayan awa 2,000. Mu da muke aiki kusan awa 16 a rana, wata huɗu ke nan mun cinye su, alhali wanda ke kunna tasa awa 6 zai kusa shekara bai kai ba. Matatar da ke raba mai da iska kuwa sun sa mata awa 4,000.

Sai dai filtar iska ba su bi littafi ba ko kaɗan, kuma a nan na gane sun san garin. Injiniyan ya cire ta a tsakiyar hunturu ya ɗan buga ta a ƙasa, ƙura ja da buntun shinkafa suka zubo har suka rufe masa takalmi. Ya ce mini, "Alhaji, wanda ya rubuta littafin nan bai taɓa ganin hazon Sakkwato ba." Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kowane mako ake duba ta, kuma sun sa mun juya bakin shan iskar daga ɓangaren da ake zubar da buntu.

Kafin bazara suka wanke lagireto tas. A watan Afrilu zafin garin nan yakan wuce digiri 40, ita kuma kwamfresa irin tamu tana kashe kanta idan zafinta ya kai wajen 110. Bana ba ta yi mana haka ba ko da rana tsaka. Da damina kuma ruwa ne matsalar: yana taruwa a gindin tanki, idan ya bi bututu ya shiga na'urar tsincewa sai ƙananan bakunanta su toshe. Sun liƙa takarda a bango, yaron da ke kwana wurin yana buɗe famfon tankin kowace safiya ya sa hannu.

Inda suka gaza shi ne kayan gyara. Ba sa ajiye su a Sakkwato, sai an aiko daga Kano, wani lokacin daga Legas. Mun taɓa wuce lokacin canza matata muna jiran motar kaya, ga shi su da bakinsu suke cewa kada a wuce. Waya ma sai ka yi ta kira kafin a ɗauka, musamman ranar Juma'a. Kuɗinsu ba sauƙi, kuma na mai daban yake, abin da ba a fito fili an faɗa mana ba ranar sa hannu.

Zan sabunta yarjejeniyar, amma da sharaɗin su ajiye mini filta biyu da jarkar mai a sitona tun farkon shekara, na biya su gaba ɗaya. Mai ƙaramar kwamfresar faci ko fenti ba ya buƙatarsu, makanikin unguwa ya ishe shi.