Robar tallafin ƙafa: tuntuɓe ya ragu, agara na nan da taurinta

Tun da ɗan kabu-kabu ya buge ni a gefen gwiwa ta waje, daidai inda jijiyar da ke ɗaga ƙafa ta ratsa kan ƙashi, ƙafata ta hagu ta daina ɗaguwa. Yatsu na sharar ƙasa, sai na cira gwiwa sama kamar mai hawa matakala. Mai gashin ƙashi ne ya ce a yi mini robar nan. Sun ɗauki siffar ƙafar da filasta, suka ƙera ta daidai ni. Ta taso daga ƙarƙashin yatsu, ta bi dunduniya, ta hau bayan ƙwauri, an ɗaure ta da maɗauri mai mannewa.

Wajen tafiya kam ta biya kuɗinta. Lungunan Birni da duwatsunsu, da rairayin da ke kama ƙafa, yanzu ina ratsa su ba tare da na zuba wa ƙasa ido ba. Ciwon ƙugu ma ya lafa, don na bar jefa ƙafa.

Sai dai wanda ya ƙirƙiro ta bai yi lissafin mai alwala sau biyar ba. Silifa ba ta riƙe ta, dole sai sau-ciki mai igiya, wanda ya fi lambarka girma, da doguwar safa a ciki. Idon sawu ba ya lanƙwasuwa, saboda haka zaman tahiya ba ya yiwuwa da ita. A ƙofar masallaci kowa ya tuɓe takalmi ya wuce, ni ina zaune ina kwance igiya har liman ya kabbarta. Ga zafin watan Afrilu, ya haura digiri 40, roba kuma ba ta shan gumi. In ka cire ta ka ga jan tabo da bai ɓace ba cikin minti 20, koma a gyara maka kafin ya zama gyambo, musamman mai ciwon suga.

Taurin agara kuwa babu abin da ta yi masa. Da asuba agarar tana ɗaurewa tamau, har dunduniya ta ƙi taɓa ƙasa. Abin da ke sassauta ta shi ne in miƙe ƙafa a kan tabarma, in rataya rawani a tafin, in jawo a hankali na daƙiƙa 30, in saki, in maimaita. Ranar da na yi kasala, robar kanta sai ta ƙi zama daidai, ta riƙa cizon dunduniya.

Da na yi ƙorafi, mai gashin ya ce: "Malam, jijiyar da ta ji rauni wajen milimita 1 take tsirowa a rana, robar tana riƙe maka ƙafa ne kafin nan." Na ƙara sayen safa.