Shagon gyaran tsofaffin kekunan ɗinki a Tudun Wada: aiki mai kyau da ke buƙatar haƙuri

A cikin masu gyaran keken ɗinki da ke kewayen Kasuwar Barci a Tudun Wadar Kaduna, akwai wani ƙaramin shago da wani dattijo yake riƙe da shi tare da yaransa, kuma aikinsu ya fi karkata ga tsofaffin kekuna baƙaƙe na ƙarfe, irin waɗanda iyayenmu mata suka shiga ɗakin aure da su. Wurinsu na kai keken mahaifiyata ƙirar Singer, wanda ya daɗe a ajiye har ya ƙage, bel ɗinsa ya tsinke, tsatsa kuma ta kama farantin da allura ke shiga. Ra'ayina shi ne duk mai irin wannan keke ya kamata ya fara gwada wannan shago kafin ya yi tunanin sayar da shi ga 'yan jari-bola.

Kafin dattijon ya ambaci kuɗi, sai da ya karanta lambar da ke jikin keken, ya juya shi ya duba cikinsa, sannan ya tabbatar mini cewa samfurin 15K ne. Harafin K yana nuna cewa an ƙera shi ne a masana'antar Singer ta Kilbowie da ke Clydebank, kusa da Glasgow a Birtaniya, wadda aka rufe tun 1980, don haka babu sabon irinsa da zai sake fitowa daga can. Wannan samfuri yana da sauƙin gyara a Kaduna saboda kekunan Butterfly na Shanghai da Usha na Indiya duk a kan tsarinsa aka gina su, shi ya sa rila (abin da ake naɗa zaren ƙasa a kai) da shatil (ƙarfen da ke kamo zare daga ƙasa) da allura da ake sayarwa a kasuwa suke shiga cikinsa ba tare da wahala ba. Inda matsala take shi ne sukurori, domin kamfanin Singer yana da nasa irin murɗin da sukurun kasuwa ba ya dacewa da shi, kuma wanda ya tilasta shi sai ya ɓata ramin. Saboda haka ne dattijon yake tara matattun kawunan keke a ƙarƙashin teburinsa, yana ciro abin da yake buƙata daga jikinsu, kuma wannan tarin shi ne babban abin da ya fi sauran masu gyara da shi.

Dalilin ƙagewar keken ya fito fili da aka buɗe shi. A wani lokaci can baya an riƙa zuba masa man gyaɗa a madadin man keke, wanda abu ne da ake yi a gidaje da yawa da kyakkyawar niyya, tun da shi ne yake kusa a kicin. Man girki yana bushewa ya koma danƙo, ƙurar hunturu da burbushin zare kuma su manne a kansa, har gaɓoɓin keken su daina motsi. Abin da dattijon ya faɗa mini shi ne: “Hajiya, man gyaɗa na tukunya ne, keke ba ya cin sa.” Ban ga ya ɗauki guduma ba. Ya jiƙa gaɓoɓin da kananzir, ya bar su suka kwana, yana ɗan motsa su kaɗan-kaɗan har danƙon ya saki, sannan ya goge ya zuba farin man keke ɗigo-ɗigo a kowane rami.

Wurin da ya fi burge ni shi ne maganar fenti. Na nemi a sabunta masa baƙin jikinsa, amma ya ba ni shawarar a bar shi, domin zanen ruwan zinaren da ke jikinsa na asali ne, kuma da zarar an fesa sabon fenti ya tafi ke nan. Ya ce ko fetur da sabulu mai ƙarfi kada su taɓa zanen, domin suna cinye launinsa ya koma fari-fari. Da tsumma mai laushi da man keke kawai ya goge shi. Mai gyaran da zai ƙi aikin da zai ƙara masa kuɗi don ya kare kayan mai kaya ya cancanci a yarda da shi, musamman a kasuwar da ake yawan fesa wa tsohon keke fenti a liƙa masa sabuwar alama don ya yi kyan gani.

Saitin ɗinki ma an yi shi a gabana. Ya daidaita haɗuwar bakin shatil da allura, wato lokacin da allura ta fara tasowa sai bakin ya kama zaren daga saman kafarta, domin idan wannan ya kuskure ko kaɗan keke zai riƙa tsallake ɗinki. Bayan haka ya gyara ƙarfin zaren sama da na ƙasa, ya gwada a kan atamfa da allura mai lamba 14, ya gwada a kan shadda, sannan ya ninka yadi mai kauri ya bi ta kansa da lamba 18. Ɗinkin ya fita daidai a fuska da baya.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Ranar da aka yi mini alkawari ta wuce ba a gama ba, kuma babu wanda ya kira ya sanar da ni. Ba sa ba da rasit, wanda bai dace ba ga mutanen da ake bar wa kayan gado a hannu. Teburin keken kuwa, wanda gara ta ci gefensa, wani kafinta suka ba, shi kuma ya maye gurbin da katako marar ƙwari wanda launinsa bai yi kama da na asali ba. Wanda yake son teburinsa ya yi kyau gara ya nemi kafintan da ya sani. Shagon kuma ƙunci gare shi, babu wurin da mace za ta zauna ta jira cikin natsuwa.

Kuɗin da na biya bai kai na sabon kan keke ba, kuma an raba mini kuɗin aiki daban da na kayan da aka canza. Sai dai ya kamata a san iyakar wannan keke: miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, ba ya zigzag, kuma telan da ke karɓar ɗinkin Sallah da yawa injin lantarki irin Juki ne zai fisshe shi. Ga ɗinkin gida, gyaran kayan makarantar yara da dajiyar zane, keken ƙafa da ba ya jiran a kawo wuta ya wadatar.

Mai niyyar zuwa ya kwance kan keken daga tebur ya tafi da shi kaɗai, tare da shatil da rilarsa, kuma ya guji kai aiki cikin azumi ko gab da Babbar Sallah, domin a lokacin kekunan telolin kasuwar ne suke gaba a layi.