Wasiƙa zuwa ga Yaya kan Marsandi mai tafiya bisa iska

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya kuma aikin gona? Na ga hotunan Marsandin da dillalin nan na Kano yake son sayar maka, na kuma saurari saƙon muryarka har sau biyu. Ka ce kana mamakin yadda motar manya irin wannan kuɗinta bai kai na Corolla ba. Irinta ce sak a ƙofar gidana a nan Jamus, kuma hunturun bara ya nuna mini inda arahar ta fito. Shi ya sa na ce gara in zauna in rubuto maka a tsanake kafin ka sayar da shanun nan.

Motar Mercedes S-Class ce, samfurin da ake kira W220, wanda aka ƙera daga 1998 zuwa 2005 a garin Sindelfingen. Daga inda nake zuwa masana'antar bai fi tafiyar rabin awa ba. Tawa 'yar 2002 ce. Abin da dillalin bai gaya maka ba shi ne, ba ta da sifirin na ƙarfe irin wanda ka sani a Peugeot ɗin marigayi Baba. A kan iska take zaune, tsarin da suke kira Airmatic. Kowace ƙafa tana da jakar roba mai kauri haɗe da shokozoba. Akwai kwamfuresa a ɓoye bayan bamba ta gaba, ɓangaren dama, ita ke hura iska ta siraran bututu, kwamfuta kuma tana auna tsayin motar tana ƙarawa tana ragewa. Idan komai lafiya, wallahi Yaya ba ka taɓa hawa mota mai laushinta ba. Sai ka zaci a kan katifa ake jan ka.

Wata safiya na fito zan tafi aiki, sanyi kamar ya tsaga ƙashi, na tarar gabanta ya durƙusa kamar raƙumin da za a ɗora wa kaya. Saman tayar hagu ya shige cikin bodi, ko yatsa ba ya shiga tsakani. Na tayar da ita, jan rubutu ya fito a gabana wai mota ta yi ƙasa da yawa, in tsaya. Na ji kwamfuresa tana gurnani, ta ɗaga ta da ƙyar. Washegari haka, wanshekare haka. Na buɗe bonet, na fesa ruwan sabulu a kan shokozobar hagu, sai ga kumfa tana tasowa ƙanana-ƙanana daga wata tsaga da ba ta fi silin gashi ba. Kuskuren da na yi shi ne na ci gaba da hawa mako uku a haka. Kwamfuresar an yi ta ne ta ɗan yi aiki ta huta, to tunda iska tana zurarewa sai ta koma aiki ba dare ba rana, har ta ƙone. Gyaran abu ɗaya ya zama na biyu.

A nan ne na ga bambancin ƙasar nan da gida, kuma shi nake son ka duba da kyau.

A nan ba ka tura mota gareji ka ce wa bakanike ga ta nan. Sai ka kira an ba ka rana, ni sai da na jira kwana 12. Jona kwamfuta kaɗai don a karanta ciwon, kuɗi ne. Aikin hannu da awa ake lissafa shi, kuma awa ɗaya ta haura yuro 100. Babban garejin da na fara zuwa sun ba ni takardar ƙiyasi wadda ta kusa kai kuɗin da na sayi motar gaba ɗaya. Na koma wani ƙaramin gareji na wani dattijo. Shi ma bai yi maganar faci ko ɗinki ba, domin a nan ba a facin jakar iska, cirewa ake yi a sa wata. Ya ce in canja na gaba duka biyu, tunda tare suka tsufa, ta dama ma kwananta ya kusa. Ya sa sabuwar kwamfuresa, ya canja ɗan rilen da ke kunna ta, domin idan ya maƙale shi ma yana ƙona ta. Tsofaffin shokozobar kuma aka mayar wa masu sayarwa aka dawo mini da wani abu, saboda suna sabunta su.

Na ji zafin kuɗin, amma abu ɗaya ya kwantar mini da rai. An ba ni takarda ɗauke da lambar kowane kaya da aka sa. Dokar ƙasashen Tarayyar Turai ta ba mai sayen sabon kaya shekara 2 na haƙƙin mayarwa idan ya zo da aibi. Ka kwatanta da kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano. Can za ka samu shokozobar a kan kuɗin da bai kai rubu'in nawa ba, amma ciro ta aka yi daga wata motar da ita ma ta shekara 20. Robar ta riga ta gaji tun a Turai. Za a ce maka gwaji kwana uku ne, in ta wuce haka kai da Allah. Ba na zargin 'yan kasuwar, abin da ya iso hannunsu suke sayarwa.

Ta wani ɓangaren kuma, a kwanaki 12 ɗin nan na yi kewar bakanikenmu na bakin tasha. Mutumin da za ka kira da asuba ya hau babur ya same ka a hanyar Gujungu, ya kwanta a ƙasa cikin ƙura, ya saurari inji da kunne ya gaya maka ciwon, in ba ka da kuɗi ya ce sai kaka. Duk tsaftar garejin Jamus ba ka samun wannan. Sai dai motar nan ba da kunne ake gyara ta ba. Bayan an canja kaya, sau da yawa sai an jona ta da kwamfutar da ta san yarenta a daidaita tsayinta. Ka tambayi kanka daga ƙauyenmu zuwa inda mai wannan na'urar yake kilomita nawa ne, kuma da me za a kai motar da cikinta ke jan ƙasa.

Sannan ga hanya. Robar nan duk ramin da aka faɗa sai ta naɗe ta miƙe, a wurin naɗin take tsagewa. Ka tuna burjin da ya taso daga kwalta zuwa gida, da ƙurar hunturu, da zafin bazara mai dafa roba, da taɓon damina. Akwai maɓallin ɗaga motar, amma abin da take ƙarawa bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Ba zai raba ka da kwazazzabon bayan makarantar firamare ba.

Akwai mafita guda wadda kai kake da ita, ni ba ni da ita cikin sauƙi. Kamfanoni irin su Arnott suna sayar da sifirin na ƙarfe da aka auna wa wannan motar, a cire kayan iskar a sa su, har da 'yar na'urar da ke hana jan rubutun fitowa. Na tambayi dattijon, ya ce a nan sai da takardar amincewa, in ba haka ba motar za ta faɗi a binciken lafiyar mota na TÜV da ake yi duk shekara 2, inshora ma tana iya zamewa. Kai babu mai tare ka da wannan. Laushin zai ragu, gaskiya ne, amma za ka kwana da tabbacin da safe a tsaye za ka same ta. In ka nace sai ita, to ka sa kuɗin wannan canjin cikin cinikin tun farko. Abin da nake roƙonka kada ka yarda da shi shi ne a ɗauko sifirin na wata mota a yanka a yi walda. Mota ce mai nauyin kusan tan 2, kuma iyali za ka ɗauka a ciki.

Kafin ka ba da ko sisi, ka sa a ajiye ta a wuri mai baje da yamma. Ka ɗauki tef ɗin tela ka auna daga ƙasa zuwa bakin bodi a saman kowace taya, ka rubuta, mukulli ya kwana a aljihunka. Da asuba kafin kowa ya tayar da ita ka sake aunawa, ka turo mini lambobin guda takwas. Ka gaida Inna da yara, ka ce mata maganin ƙafar yana hanya.