Lagireton giya da mitar zafi da na sa wa Hilux: kayan sun yi, tiyon cikin kwalin ne bai yi ba

Hilux ɗina otomatik ce, kuma ba motar kwalliya ba ce. Tirela nake ɗaura mata mai ɗauke da injin casar shinkafa, mu bi fadamun Argungu, Bunza da Suru, a bayanta kuma ga buhunan shanshera. Girbin rani yana faɗowa ne daidai lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, ga rairayi, ga tafiya a hankali da kaya. Wanda ya san giyar otomatik ya san babu abin da ke dafa manta kamar wannan, domin a irin wannan tafiyar kwanbata, wato abin da ke kai ƙarfin injin zuwa giya ta cikin mai, ba ta kullewa, sai ta yi ta markaɗa mai, ƙarfin injin yana komawa zafi.

Bakanikena ne ya fara tayar da maganar ranar da ya zuba man giyar a roba ya miƙo min. Man da aka zuba ja wur ya koma ruwan ƙasa, yana warin ƙuna. Ya ce, "Maigida, faibar kulocin cikin giya ce ke ƙonewa a hankali. Ko ka ƙara mata lagireton giya, ko ka fara tara kuɗin giya." Sai na yi odar lagireton da mitar zafi a wurin wani mai shago a Kano, aka ɗoro min a mota.

Lagireton kansa ba ni da abin cewa a kansa sai alheri. Na zaɓi mai faranti jere, ba mai bututu ɗaya da ke lanƙwashewa cikin ƙarafa ba, saboda a girma ɗaya mai farantin ya fi zubar da zafi. An ɗaura shi gaban kwandensar e-si, aka haɗa shi yadda mai zai fara bi ta cikin lagireton ruwa na asali, sannan ya shiga sabon, ya koma giya. Igiyoyin roba da aka sako don a soka su ta cikin kwandensa bakanike ya ajiye su gefe, ya yanko ƙarfe ya yi masa mariƙi, don a gargadar hanyoyinmu roba za ta yi ta cin kwandensar har ta huda ta.

Mitar aka fara sakawa kafin walda ta kammala, kuma ita ce ta buɗe min ido. Da kaya a kan kwalta daga Kalgo zuwa Bunza allurarta tana zaune lafiya, amma muna sauka cikin rairayin fadama sai ta tashi har ta kai wajen digiri 120, alhali allurar ruwan mota tana tsakiya ba ta motsa ba. Shekara da shekaru allurar ruwan nan nake kallo ina cewa komai lafiya. Man giya yana son zama ne tsakanin 80 zuwa 95. Ya wuce 120 ya fara lalacewa da sauri, robobin ciki su taurare. Fitilar gargaɗin da kamfani ya sa a gaban direba kuwa ba ta kamawa sai mai ya riga ya dahu. Bayan an haɗa sabon lagireton, a wannan rairayin da wannan kayan, ban ƙara ganin ta haura 100 ba. Har na fara yi wa abokan sana'a tallar mai shagon kyauta.

To, ga inda raina ya ɓaci. Cikin kwalin akwai tiyo baƙi da kilif guda huɗu, mai shagon ya ce min a waya, "Alhaji, komai na ciki, ɗaurawa kawai za a yi." Babu rubutun komai a jikin tiyon. Tiyon man giya na gaskiya yana da zare a cikinsa, an rubuta a jikinsa cewa na man giya ne, an yi shi don zafi da matsin mai. Wannan kuwa da ya sha zafi sai ya yi laushi ya kumbura a bakin mahaɗa, kilif ɗin kuma irin siririn nan ne da in ka ƙara matse shi sai haƙoransa su zame.

Muna dawowa daga Suru da rana tsaka, tirela a baya, sai na ji giya ta yi jinkirin shiga, injin ya yi kuka motar ba ta ja ba. Yaron motata da ke zaune kan buhuna ya hau dukan rufi yana kiran, "Maigida, tsaya! Mai ne!" Na gangara gefe na kashe. Ƙasan motar gaba ɗaya jan mai, ya fesu tun daga bamba har sandar tirela, yana ɗiga kan salansa yana hayaƙi. Tiyon ya zame daga bakin lagireton, ya rataye kamar hanjin kaza, kilif ɗin na nan a jikinsa. Famfon giya ba ya jira. Muddin injin na aiki zai yi ta tura mai waje har kaskon da ke tara man giya a ƙasa ya bushe, kuma ba ya ɗaukar dogon lokaci. Da yaron nan na cikin mota yana barci, da giyar ta tafi, wataƙila ma wuta ta kama, ga buhuna ga man injin casa a jarka.

Muka zauna gindin bishiya har la'asar ta yi sanyi kafin bakanike ya iso a kan babur daga Birnin Kebbi da galan-galan na mai da tiyo na ƙwarai. Manoman da suka tara shinkafa suna jiran injin a washegari sai haƙuri na ba su a waya, wani kuma bai jira ba ya kira mai wani injin. Kuɗin man da ya zube kaɗai ya ninka kuɗin tiyon kirki sau da yawa, don kowa ya san yadda man Toyota na asali yake a kasuwa yanzu. Na kira mai shagon, amsar da ya ba ni ita ce, "Ai haka kamfani ya aiko shi." Ban nemi ya biya ni mai ba. So nake ya ce zai cire wannan tiyon daga sauran kwalayen kafin ya sayar wa wani bawan Allah, bai ce ba.

Tunda na tuno, ita ma mitar da nake yabo akwai nata. Na ce masa mai lissafin Salshiyos nake so, irin wanda muka saba, ya turo min ta 'yan Amurka mai Faranhait. Ranar farko da allura ta hau 200 yaron ya ɗauka motar za ta fashe, alhali digiri 93 ne kawai. Duk alƙaluman da na ambata a sama sai da na juya su. Yanzu na manna jan salatif a kan 250, wato kusan 121, na ce wa duk wanda ya karɓi sitiyari kada allura ta taɓa shi. In ta doshi wurin a sauke giya, ko a tsaya a bar injin yana aiki ta huce. Fitilarta kuma da dare shuɗiya ce mai kashe ido, ba ta da wurin ragewa.

Wurin ɗaura sensar da ke auna wa mitar zafin mai ma sai da muka ja da bakanike. Shi yana son kasko don ya fi sauƙi, ni na dage a sa a layin da mai ke fitowa daga giya, domin nan ne mafi zafi, kuma nan allura ke saurin nuna wahala. A kasko mai ya riga ya huce, lamba za ta yi kyau ta kwantar maka da hankali a banza. Na fi son a nuna min mummunar lambar.

Lagireton yana nan yana aiki, sai dai ƙaiƙayi yana toshe shi, duk ranar casa sai an busa shi da iska, e-si kuma ya ɗan rage sanyi in muna tsaye. Zan sake sayen irinsa in na ƙara mota, amma ba a shagon nan ba, kuma tiyo da kilif na cikin kwali tun a tasha zan zubar da su. Yanzu kilif biyu-biyu ne a kowace mahaɗa, kuma kullum da safe kafin a ɗaura tirela sai na sa hannu na ja kowane tiyo.