Sharhin mujallu kan kayan sauti: wane shafi ne abin dogaro?

Na daɗe ina amfani da sharhin mujallu wajen zaɓen lasifika da amfilifaya na gida, kuma hukuncina shi ne suna da amfani ƙwarai, sai dai mutane sun fi tsayawa a shafin da ya fi rauni. Mutum ya ga taurari biyar, ko ya karanta cewa sauti "yana da ɗumi da faɗi", sai ya ciro kuɗi. Abin da kunnen mai sharhi ya ji ke nan, a ɗakinsa, da amfilifayarsa.

Ɗaki kuwa shi ne rabin sautin. Sauti na gudun mita 343 a daƙiƙa, don haka ɗaki mai tsawon mita 4 yana kumbura amon da ke wajen 43 Hz (girgiza 43 a daƙiƙa), wato amo mai kauri da ake kira bas: ka zauna jikin bango bas ya cika maka kunne, ka matso tsakiyar ɗaki ya ɓace. Lasifika mai ramin iska ta baya, in aka jingina ta da bango, gurnanin bas zai danne muryar mawaƙi. In ƙasa tayil ce, ba kafet ba labule, amon sama, wato siririn amo, zai yi ta amsa kuwwa har ya gajiyar da kunne. Mai sharhi ba ya iya hango maka wannan.

Inda nake ba mujalla cikakkiyar amana shi ne shafin awo. Mujallar Stereophile, wadda J. Gordon Holt ya kafa a 1962, ta yi fice a nan saboda awon da John Atkinson ya shafe shekaru yana bugawa. Lambobi biyu za ka fara nema. Ta farko ƙarar da lasifika ke bayarwa daga nisan mita ɗaya in an ba ta bolt 2.83. Ana auna ƙarar da dB, kuma kowane 3 dB da ta gaza, sai amfilifaya ta ninka ƙarfinta: mai 85 dB na buƙatar wat 100 kafin ta kai inda mai 88 dB ke kaiwa da wat 50. Ta biyu turjiyarta ga wuta, wadda ake aunawa da om. Kwali zai ce om 8, amma zanen awo ya nuna tana faɗuwa zuwa 3 a yankin bas. In turjiya ta faɗi haka lasifika na jan wuta da yawa, don haka ƙaramar amfilifaya za ta yi zafi, ko ta katse, ko ta fara yage sauti, kuma wannan yagewar kan ƙona tuwita, wato ƙaramar sifikar da ke fitar da amon sama.

Yabon baki kuwa sai da taka-tsantsan. A 1994 masu binciken sauti Floyd Toole da Sean Olive sun nuna a kamfanin Harman cewa masu saurare, har da ƙwararru, suna ƙara wa manyan lasifiku masu tsada maki in suna ganinsu, in an sa labule tazarar ta ragu. Yawancin sharhin mujallu ido buɗe ake yi, da kayan da kamfani ya ba da aro, a mujallar da talla ke riƙe da ita. Ban ce ƙarya suke yi ba. Amma da wuya ka ga sun soki kaya kai tsaye, don haka ka lura da abin da aka tsallake. In an cika shafi ana yabon murya ba a ce uffan kan bas ba, shiru ma magana ce.

Ka ɗauki mujalla ta tace maka kaya biyu ko uku, sauran aikin naka ne. Wajen gwada amfilifaya biyu, kunna amon 1 kHz, auna bolt a bakin wayar lasifika da na'urar awon wuta, ka daidaita su. Wajen lasifiku, yi amfani da manhajar awon ƙara ta wayar hannu daga inda kake zama. Wannan matakin ba a tsallake shi, domin wadda ta fi ƙara ko da rabin dB ne za ta yi kamar ta fi daɗi. Zaɓi waƙoƙi uku da ka san su ciki da waje, wani ya riƙa sauya maka ba ka gani.

Shafukan wayoyin lasifika masu tsada ni tsallake su nake yi. Wayar tagulla mai kauri 2.5 mm² ta wadatar a nisan mita 5. Kafin ka biya, ka tabbatar akwai sharaɗin mayar da kaya in ba su dace da ɗakinka ba.