Kwamfutar hannu da na mayar sabar tantancewa a ofishinmu na Apapa

Wata huɗu ke nan da na haɗa wannan na'ura, kuma tun sati na uku nake son in rubuta abin da na gani, sai na ce bari zuciya ta huce tukuna. Ƙaramar kwamfuta ce ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su bayan ofisoshin Turai sun gama da su, hannu ɗaya ma ya ɗauke ta. Masu zuwa Computer Village a Ikeja sun san irinta, sun san kuɗinta, ba sai na faɗa ba. A wajen wani ɗan'uwanmu Bahaushe na saya, wanda muka saba gaisawa a masallaci a Agege, shi ya sa ban tsaya dogon ciniki ba.

Abin da ya kai ni sayenta, ofishinmu na fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa ne, kuma shekara da shekaru kalmar sirri ɗaya ce ta Wi-Fi kowa yake amfani da ita. Har an rubuta ta da biro a jikin kalanda. Direbobin tirela sun san ta, masu shayi na bakin ƙofa sun san ta, yaron da aka sallama bara ma idan ya tsaya a jikin katanga wayarsa kamawa take yi. Data ta ƙare kafin wata ya raba, ba a san wanda ya sha ba. Na ce wa maigidanmu Alhaji maganin abin shi ne kowane ma'aikaci a ba shi shaidarsa shi kaɗai, wanda ya bar aiki a soke tasa, ba sai an tayar da hankalin kowa ba. Ya ce, "Injiniya, in dai ba za ka ci mini kuɗi da yawa ba, je ka yi."

Na ɗora mata babbar manhajar Linux, na sa FreeRADIUS, manhajar da take tantance masu neman shiga Wi-Fi. A nan kam sai dai in yaba. RADIUS, wato tsarin da wannan manhaja take bi, tsoho ne, tun 1991 wani kamfanin Amurka mai suna Livingston ya fito da shi, lokacin da ake shiga intanet ta layin tarho, ita kuma manhajar FreeRADIUS tun 1999 ake gina ta, kyauta ce, ba wanda zai biyo ka da kuɗin lasisi. Aikinta kamar na maigadi ne mai rajista a hannu. Waya ko kwamfuta ta nemi shiga, akwatin Wi-Fi ba ya yanke hukunci da kansa, sai ya tura tambaya ga sabar, wato wannan kwamfutar da na haɗa, ta ƙofa mai lamba 1812, ita ce za ta ce a buɗe ko a hana, sannan ta ƙofa ta 1813 ana rubuta wanda ya shiga da tsawon zaman da ya yi. Ban zaɓi hanyar suna da kalmar sirri ba, saboda na san mutanena, kafin la'asar sun ba wa juna. Na bi EAP-TLS, inda kowace na'ura take da takardar shaida tata da na sa wa hannu. Sanya takardun a wayoyin mutane ne ya ci mini kwanaki, musamman da yake tun daga Android 11 wayoyi da yawa sun daina barin mutum ya tsallake tantance sabar. Na canza kalmar sirrin gwaji da manhajar take zuwa da ita, na kuma tabbatar sigar da na ɗora ta zo bayan gyaran raunin nan da aka bayyana a Yulin 2024, wanda ya samo asali daga dogaron RADIUS da wani tsohon lissafin tsaro mai suna MD5. Ita kuwa na'urar ko gezau. Ba ƙara, ba zafi, wutar da take ci kaɗan ce. Sati biyu ina ta yabon mai shagon a gaban mutane, har na tura masa abokaina biyu.

Sai ranar wata Litinin.

Ranar Asabar an tafka ruwa irin na Legas, aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai daren Lahadi. Ba kowa a ofis balle a tayar da janareta, batirin inbata ya zuƙe tas. Litinin da safe ina cikin danfo, gosulo ya riƙe mu a Mile 2, sai ga kiran Alhaji. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba. "Injiniya, kana ina? Ba wanda ya iya shiga intanet. Ina da kwantena a tasha, yau ne za a tura takardu." Na ce, "Ranka ya daɗe, ga ni nan tafe." Duk wanda ya san Apapa ya san abin da kwana ɗaya yake jawowa, kuɗin ajiya hawa yake yi ba ruwansa da uzurinka. Na sauka na ƙarasa sauran tafiyar a ƙafa, takalmina sharkaf da taɓo.

Da na shiga na tarar na'urar a kashe, alhali na saita ta ta riƙa kunna kanta duk lokacin da wuta ta dawo. Da hankalina a kwance yake, da tun nan na gane. Na danna, ta tashi lafiya lau, manhajar tana gudana, amma duk wanda ya gwada shiga sai a kore shi. Na zargi akwatunan Wi-Fi, na kashe na kunna. Na zargi waya, na canza. Na sake rubuta kalmar sirrin da ke tsakanin akwatunan da sabar harafi bayan harafi. Mutum goma sha suna tsaye a kaina, akawu yana ta duba agogo, Alhaji ya daina magana gaba ɗaya, kuma wanda ya san shi ya san shirunsa ya fi faɗansa ciwo. Dole na kunna wa akawun intanet daga wayata don a fara tura abin da ya fi gaggawa.

Sai wajen sha ɗaya na yi abin da ya kamata in fara da shi, na tsayar da manhajar na sake tayar da ita da -X, yanayin da take zayyana duk abin da take yi layi bayan layi. Na ce wa wata ma'aikaciya, "Hajiya, don Allah sake gwadawa." Rubutu ya zubo, can ƙasa ga shi ƙarara: takardar shaidarta wai lokacin fara aikinta bai yi ba tukuna. Takardar da ni na buga da hannuna 'yan makonni da suka wuce! Na duba kwanan watan na'urar, sai na ga agogonta ya koma baya da nisa, can kafin ranar da na buga takardun. A wajenta duk shaidun da ake miƙo mata ba a haife su ba, don haka ta hana kowa shiga, kuma a ƙa'ida daidai ta yi. Na kwance murfin, ga ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda yake riƙe agogo da saitin na'urar idan babu wuta. Ya kamata ya nuna bolt 3. Na ɗora mita a kansa, ko ɗaya bai kai ba. Gefensa har ya yi wani fari-fari. Shi ya sa saitin kunna kai ma ya goge.

Ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Don tsaro na killace sabar daga intanet, ban ba ta hanyar daidaita agogo ba. Amma abin da yake ƙona mini rai har yau, ranar da na saya sai da na tambayi mutumin nan da bakina, na ce, "Malam, batirin agogon fa?" Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba yallaɓai, sabo na sa, duk wadda ta fita daga shagon nan sai na canza." Batirin da ko kuɗin motar Agege zuwa Apapa bai kai ba. Da ya ce mini bai duba ba, wallahi da a nan bakin titin Otigba zan saya in saka, ba abin da zai shiga tsakaninmu.

Ranar Asabar na koma da mataccen batirin a aljihu, na ajiye masa a kan gilashi. Ya juya shi, ya ce ai kayan hannu sai haƙuri, wataƙila yaronsa ne ya manta. Ko "yi haƙuri" ta gaskiya ban samu ba, hankalinsa na kan wani mai ciniki. Wannan ne ya sa da na koma ofis na binciki faifan ajiyar ma, wanda ya ce mini kusan sabo ne. Adadin awannin aikin da faifan ya rubuta wa kansa ya nuna ya yi shekaru yana kunne. To, ashe yabon da na yi ta yi a masallaci ban san abin da nake yabo ba. Abokan nan biyu da na tura masa, na kira su ɗaya bayan ɗaya na ce su buɗe nasu su duba.

Na'urar dai tana nan tana aiki, ba zan yi mata ƙarya ba. Tun da na canza batiri da faifai, na kuma sa ta riƙa karɓar lokaci daga rautar ofis, wato akwatin da yake kawo mana intanet, ba ta sake ba ni kunya ba, data kuma yanzu tana kai mu ƙarshen wata. Amma Alhaji bai manta da Litinin ɗin nan ba, duk sanda intanet ta ɗan yi nauyi sai ya leƙo ya ce, "Injiniya, ba dai agogon nan ba ne kuma?" Ya amince a sayi ta biyu don in ɗaya ta faɗi ɗaya ta karɓa. Sati mai zuwa zan shiga Ikeja da mita da sukundireba a jaka, kuma layin shagon nan ba zan bi ba.