Kafin ka biya a mayar maka da kwamfuta daga Legacy zuwa UEFI

Tun da tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025 ake ta kai kwamfutoci gyara a garin nan na Kaduna, kowa so yake a sa masa Windows 11, shi kuma ba ya yarda sai da UEFI (sabon tsarin da kwamfuta ke tashi da shi in an kunna ta) da wasu matakan tsaro biyu, Secure Boot da TPM 2.0, alhali tokumbo da yawa a kan Legacy, wato tsohon tsarin tashin, aka ɗora musu Windows. Abin da yasa na zauna rubuta wannan, ƙanina da ke karatu a Kaduna Poly ya kai tasa wani shago, aka yi mata fomatin, furojet ɗinsa na wata uku ya tafi, daga ƙarshe kuma Windows 11 ɗin ta ƙi hawa saboda EliteBook 840 G3 ce, furosesanta janareshan na 6. Wallahi abin ya ƙona min rai.

To don Allah kafin ka cire ko sisi, danna madannin Windows da R, ka rubuta msinfo32. Nan za ka ga BIOS Mode ko Legacy ne ko UEFI, ka ga furosesa. In Intel ne ƙasa da janareshan na 8, juyawar ba za ta sa Microsoft ta amince da ita ba. Akwai masu tsallake sharaɗin da Rufus (manhajar haɗa filashin ɗora Windows), yana yi, amma ba tabbas za a ci gaba da ba ta sabuntawa.

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce mbr2gpt, kyauta ce, tana cikin Windows 10 tun fitowar 1703 a shekarar 2017. Aikinta ta canza tsarin haddis daga MBR (na Legacy) zuwa GPT (na UEFI) ba tare da ta goge maka fayil ba, ta yanki ɗan wuri kamar 100MB inda UEFI zai riƙa tashi. Kana buɗe cmd (tagar rubuta umarni ta Windows) a matsayin admin ka fara sa mbr2gpt /validate /allowFullOS, in ta ce lafiya sai ka maimaita, ka sa /convert a madadin /validate. Amma fa tana da tsiya, fatishin ɗinka (rabe-raben haddis) kar ya wuce uku, kar a samu irin wanda ake kira extended, in da BitLocker (makullin haddis na Windows) ka dakatar da shi tukuna, kuma da ta gama dole ka shiga saitin BIOS ka canza zuwa UEFI da hannunka (da kunna kwamfutar ake danna F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad), in ba haka ba kwamfutar ba za ta tashi ba sai ka ɗauka ta mutu. Ba ta komawa baya kuma. Ga wutar Kaduna da ba ta sallama in za ta tafi, in batirinka ya mutu kar ka fara sai da janareta ko inbata a kunne, kuma ka kwashe kayanka a filashi tun kafin.

Manhajojin kuɗi da ake talla don wannan aikin ban ga dalilin sayensu ba tunda ga na kyauta.

Fomatin gaba ɗaya kuwa shi ne wanda masu gyara suka fi so don ya fi sauri, a haɗa filashi da Rufus a zaɓi GPT a ɗora sabo. Tsaf yake fitowa, sai dai komai naka ya tafi in ba ka kwashe ba, har da manhajojin da ka sha wahalar sawa da datarka.

Ni dai wadda nake ba mutane shawara, in kwamfutar har yanzu tsohon haddis mai juyawa take amfani da shi, ka sayi SSD (sabon nau'in ma'ajiya da ba ya juyawa) ko da 256GB ne, a cire tsohon a ajiye gefe, a ɗora Windows a sabon kan UEFI. Ka ga ba abin da ya taɓa kayanka, tsohon ka saya masa ɗan kes na USB ya zama ma'ajiya, saurin da za ka gani kuma daga SSD ɗin yake zuwa, UEFI kaɗai bai ƙara wani gudun kirki. In ka shiga kasuwar Gumi ko shagunan Ahmadu Bello Way ka ce a jona SSD ɗin a gabanka ka ga girmansa ya cika kafin ka biya.

Wanda tasa ta gaza janareshan na 8 kuma Windows 11 yake so da gaske, gara ya tara kuɗin gyaran ya ƙara ya nemi irin su EliteBook 840 G5, Latitude 7490 ko ThinkPad T480, kuma ko su ɗin a buɗe msinfo32 a shagon a gani da ido, don wasunsu furosesansu janareshan na 7 ne, wasu kuma ana ɗora musu Windows a kan Legacy duk da suna da UEFI.